Kawu Ya Ce Sai Windows 7: Yadda Ake Sa Wa Sabuwar Kwamfuta Tsohuwar Riga

Wata Asabar da hantsi Kawu ya kira ni a waya. Ko gaisuwata bai gama amsawa ba ya ce, "Kai ɗan jarida, in ba ka da lakca ka zo shago yanzu. Wannan abar da aka sayo min ba kwamfuta ba ce, waya ce aka yi mata ƙaton allo."

Kawuna yana da shagon buga takardu, irin wanda muke kira bizines senta: taifin, fotokwafi, katin biki, cike fom ɗin makaranta da na neman aiki. Ya fi shekara goma sha biyar a wannan sana'a, kuma kusan goma daga ciki a kan kwamfuta ɗaya ya yi su, mai ɗauke da Windows 7. Da ta mutu, irin mutuwar da injiniya ya ce gyaranta ya fi sayen wata tsada, sai ya haɗa kuɗi aka kawo masa wata ta hannu mai ɗan kyau, da Windows 11 a kanta. Kwana uku kacal ya yi da ita ya ce ya gaji.

Da na isa na tarar da mutum huɗu a kan benci suna jira, shi kuma yana ta yawo da maus a kan allo kamar wanda ya yar da allura cikin yashi. Buƙatarsa ɗaya ce: in raka shi wajen injiniya a yi fomatin, a sa masa Windows 7 ɗinsa. Har ya riga ya yi ciniki.

Ban raka shi ba. Na roƙe shi ya ba ni awa biyu da kwamfutar, in abin da na yi bai gamshe shi ba, ni da kaina zan ɗauke ta in kai wa injiniyan. Abin da na yi a awa biyun nan abu ne da mutane da yawa a duniya ke yi wa kwamfutocinsu: su bar sabuwar manhajar tana aiki a ciki, su sauya mata riga kawai ta koma kamannin ta da.

Hannu ya haddace hanya

Kafin wani ya ce ai dattawa haka suke, ba sa son canji, mu dubi kanmu tukuna. A 2024 da WhatsApp ya sauko da maɓallansa daga sama zuwa ƙasan allo a wayoyin Android, su wa suka fi kowa mita? Mu ne. Tun Yulin 2023 aka sauya wa Twitter suna zuwa X, amma har gobe Tuwita muke cewa. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, sai dai wannan turken kam babu wanda bai ɗaure ba.

Ga mai cin abinci da kwamfuta kuwa, sabo kuɗi ne. Maɓallin Start ya zo ne da Windows 95 a ranar 24 ga Agusta, 1995, a kusurwar ƙasa ta hagu, kuma nan aka san shi har zuwa 5 ga Oktoba, 2021 da Windows 11 ya fito ya mayar da shi tsakiya. Wannan 'yar tafiyar ba ƙarama ba ce. Tun 1954 wani masani Ba'amurke, Paul Fitts, ya nuna cewa saurin da hannu ke kaiwa ga abu ya danganta da nisan abin da kuma girmansa. Masu tsara manhaja suka ɗauki wannan suka gane cewa babu wuri mai sauƙin kaiwa kamar kusurwar allo. Ka wurga maus can, ba inda zai wuce, dole ya tsaya, ko da idonka na kan kwastoma. A tsakiya kuwa sai ka duba, ka saita. Sannan maɓallin ba ya zama wuri ɗaya, duk manhajar da ka ƙara buɗewa sai ya ɗan matsa hagu.

Abu na biyu da ya ƙular da Kawu shi ne danna maus ta dama. A da in ya danna a kan fayil, jerin komai zai fito masa, har da aikawa zuwa filash. A Windows 11 an taƙaita jerin, wasu abubuwan an mayar da su 'yan ƙananan zane-zane, sauran kuma an ɓoye su sai ka sake danna wani layi a can ƙasa. Dannawa ɗaya ta zama biyu. Ga ni da ke buɗe laftof don kallon fim da rubuta asamen, ba komai ba ne. Ga wanda ke yin wannan tun safe har magariba, mutane na jira a benci, abin haushi ne.

Kamfanin Microsoft ma ya taɓa ɗanɗana kuɗarsa a kan irin wannan. A Oktoban 2012 ya fitar da Windows 8, ya cire maɓallin Start gaba ɗaya, ya cika allo da manyan akwatuna masu launi da aka tsara don taɓawa da yatsa, alhali yawancin jama'a da maus suke aiki. Aka yi masa ca. Shekara guda bayan nan, a Windows 8.1, ya dawo da maɓallin. A Yulin 2015 da Windows 10 ya fito, ya dawo da jerin ma. A wannan tsakanin ne wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna Classic Shell ta yi tashe. Wani mai rubuta manhaja, Ivo Beltchev, ya fara ta tun 2009, babban aikinta ta dawo maka da tsohon jerin Start. A Disamban 2017 ya sanar cewa ya ajiye aikin, ya bar rubutun manhajar a buɗe, wasu 'yan sa-kai suka ɗauka suka ci gaba da ita da sunan Open-Shell. Ku riƙe sunan nan, za mu dawo kansa.

Mu kuma kewa ce ke damunmu

Namu dalilin daban ne da na Kawu. Ni ban taɓa samun ko sisi da Windows XP ba, amma a kansa na fara taɓa kwamfuta, a ɗakin kwamfutar makarantarmu, mu uku a kujera ɗaya, ranar da aka yi sa'a akwai wuta. XP ya fito ne a 25 ga Oktoba, 2001, kafin a haife ni, amma a makarantunmu da kafe-kafenmu ya daɗe sosai bayan zamaninsa ya wuce. Shuɗiyar sanda a ƙasa, koren maɓalli a kusurwa, da wannan tudun mai koriyar ciyawa ƙarƙashin shuɗin sama. Malam na juya baya, sai Pinball.

Na daɗe ina zaton tudun nan zane ne. Ashe hoto ne na gaske. Charles O'Rear, wanda ya yi wa mujallar National Geographic aikin ɗaukar hoto, shi ya ɗauke shi a wani watan Janairu a yankin Sonoma na jihar Kalifoniya, da kyamarar fim, yana kan hanyarsa a mota ya tsaya. Sunan hoton Bliss. Wurin gonar inabi ce da aka tumɓuke saboda ƙwaro, ruwa ya sauka ciyawa ta fito. Daga baya aka sake shuka inabin ya rufe tudun, wanda ya je yau ba zai gane shi ba.

Masu zama a TikTok da Instagram sun sha cin karo da hotunan nan masu ƙyalli: ɗigon ruwa, kifi, kumfa, koriyar ciyawa, benaye na gilashi. Sunan salon Frutiger Aero. An raɗa masa sunan a 2017, rabi daga Adrian Frutiger, wani mai zana haruffa ɗan ƙasar Suwizalan, rabi daga Aero, wato rigar gilashin da Windows Vista da Windows 7 suka zo da ita, wadda gefen taga ke nuna maka abin da ke bayanta. Daga wajen 2022 abin ya bazu tsakanin sa'o'inmu. Da kamfanin Apple ya nuna sabon salonsa na Liquid Glass a Yunin 2025, nan da nan masu barkwanci suka ce ai Vista ce ta dawo a cikin iPhone.

Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amma in za mu faɗi gaskiya, rabin kewar nan yaudarar kanmu muke yi. Mun manta bairos ɗin nan da ke mayar da duk foldar da ke kan filash shotkot, ka je firintin ka dawo da kuka. Mun manta sayen awa ɗaya a kafe, rabinta ya ƙare a jiran shafi ya buɗe. Ɗaya rabin kuwa yana da tushe. Tsohuwar kwamfuta ba ta tallata maka manhaja a cikin jerin Start, ba ta cewa sai ka haɗa intanet ka buɗe asusu kafin ka fara aiki, ba ta jero maka labaran da ba ka tambaya ba a gefen allo. Ka saye ta, taka ce. A ganina da yawa daga masu sauya wa kwamfuta riga wannan jin suke nema, cewa kayan nan nasu ne, su ke da ta-cewa a kansa.

Me zai hana a koma gaba ɗaya?

Tambayar da Kawu ya yi min ke nan. Ya ce, "Ɗana, ai da tsohuwar zuma ake magani."

Na ce, "Haka ne Kawu, amma zuma ba a rubuta mata ranar lalacewa, ita wannan an rubuta mata, kuma ranar ta wuce."

Ga yadda abin yake. Duk babbar manhaja irin Windows tana da ramuka a jikinta waɗanda ko masu ita ba su san da su ba sai an gano. Kowane wata, ranar Talata ta biyu, Microsoft na fitar da faci ya toshe waɗanda aka gano. Ofdet ɗin nan da ke cinye mana data muna tsaki, facin nan na cikinsa. Ranar da kamfanin ya ce ya daina kula da wata manhaja, ramukan ba sa daina bayyana, facin ne ke daina zuwa. XP an sallame shi a 8 ga Afrilu, 2014. Windows 7, wanda ya fito a 22 ga Oktoba, 2009, an sallame shi a 14 ga Janairu, 2020. Windows 10 ma ranarsa ta zo a 14 ga Oktoba, 2025.

Wanda ke son ganin abin da rami ɗaya ke iya yi, ya tuna 12 ga Mayu, 2017. Ranar ce wani bairos mai suna WannaCry ya bazu a ƙasashe sama da 150, ya kulle fayilolin kwamfutoci sama da 200,000, yana neman dala 300 kuɗin fansa a kan kowace. Asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka soke ganin dubban marasa lafiya. Yawancin kwamfutocin da ya kama Windows 7 ne a kansu, kuma abin takaicin, facin ramin ya fito tun watan Maris, masu su ne ba su sa ba. A lokacin ke nan da facin ke zuwa. Yanzu ko kana so ka sa, babu.

Burauza ma ta gudu ta bar shi. Chrome 109, na farkon 2023, shi ne na ƙarshe da ke hawa Windows 7. Wato ƙofar da kake shiga intanet da ita ma ba a gyara ta.

Yanzu ku duba abin da ke bi ta kwamfutar Kawu a wuni ɗaya: lambar NIN ta mutane, BVN, sakamakon jarrabawa, hoton fasfo, imel da kalmar sirrin yaran da ya buɗe musu da kansa, da lambar katin banki in za a biya kuɗin fom. Duk amanar mutanen unguwa ce. Sannan tambayar da ba kasafai muke yi ba: Windows 7 ɗin da za a sa masa, daga ina ya fito? Kamfanin dai ya daina sayar da shi tuntuni. Abin da ke yawo a filash sau da yawa kwafi ne da wani wanda ba a sani ba ya buɗe, ya cire wani abu, ya ƙara wani abu. Duk wanda aka taɓa rufe wa lamba saboda GBWhatsApp ya san irin wannan cinikin: ka samu launi da ado, ka miƙa wa baƙo makullin gidanka.

Abin da na yi a awa biyun

Kafin in taɓa komai, na kwashe fayilolinsa masu muhimmanci na zuba a filash. Sannan na rubuta Create a restore point a wurin bincike na Windows, na ajiye wurin komawa. Amfaninsa, in wani abu ya lalace, za ka iya mayar da kwamfutar yadda take a daidai lokacin da ka ajiye. Minti biyu ne. Don Allah kada wanda ya tsallake wannan.

Abin da ya ba ni mamaki, kusan rabin damuwar Kawu a cikin Windows ɗin kansa maganinta yake, ba sai an sauke komai ba. Ka danna dama a kan sandar ƙasan allo, ka shiga Taskbar settings, ka gangara Taskbar behaviors, a nan za ka ga inda ake zaɓar tsakiya ko hagu. Na zaɓi hagu, maɓallin Start ya koma gidansa. A wurin dai akwai inda za ka ce kada a haɗe tagogin da ka buɗe, kowace ta fito da sunanta a rubuce. Wannan Windows 11 bai zo da shi ba da farko, sai a ƙarshen 2023 aka dawo da shi bayan an sha ƙorafi. Na kashe akwatin labarai da yanayin gari, na ƙanƙantar da wurin bincike. Ta Personalization, sai Themes, sai Desktop icon settings, na dawo da gunkin kwamfuta da na kwandon shara kan allo, har na sauya wa gunkin suna daga This PC zuwa Computer, yadda idonsa ya saba gani. Na ɗora shuɗin hoton bangon Windows 7. Batun danna dama kuma, na nuna masa cewa in ya riƙe Shift sannan ya danna, tsohon jerin ne zai fito kai-tsaye.

Sai Open-Shell. Daga shafinta na GitHub na sauke ta, ba daga shafukan nan masu maɓallin saukewa guda biyar ba, waɗanda huɗu tarko ne. Ba ta da nauyi. Tana buɗewa za ta ba ka zaɓi uku: jeri mai layi ɗaya irin na su Windows 95, mai layi biyu irin na XP, da na Windows 7. Na zaɓi na ukun. Ga manhajoji a hagu, ga Documents da Control Panel da wurin firinta a dama, ga maɓallin kashewa a ƙasa inda yake a da. Har hoton maɓallin ana iya sauyawa ya koma ƙwallon nan mai tuta. A nan na tsaya da kwamfutar shago.

A tawa laftof ɗin na ɗan ƙara gaba, saboda ni XP nake kewa. Akwai RetroBar, ita ma kyauta ce a GitHub, wadda ke ɓoye sandar ƙasa ta yanzu ta kawo irin ta Windows 95, ko 2000, ko shuɗiyar nan ta XP. Abin da nake so da ita, zama take a sama kamar kowace manhaja, ka rufe ta, komai ya koma yadda yake. In ka haɗa ta da Open-Shell da hoton Bliss, wallahi sai an matso kusa za a gane. Ranar da na buɗe ta a aji, wata 'yar ajinmu cewa ta yi a ina na tono wannan gawar.

Akwai na kuɗi ma. StartAllBack tana kusan dala biyar, da lokacin gwaji, kuma ta fi su iya kwaikwayon Windows 7. Start11 ta kamfanin Stardock ita ma ta kuɗi ce. Sai ExplorerPatcher, ta kyauta, wadda ta yi suna wajen dawo da sandar Windows 10. Amma fa akwai bambanci tsakanin manhajar da ke zama a kan Windows da wadda ke kutsawa cikin hanjinsa. A ƙarshen Fabrairun 2023 Microsoft ya fitar da wani ofdet, ya kuma yi gargaɗi cewa kwamfutocin da ke ɗauke da wasu manhajojin sauya kamanni za su iya ƙin tashi yadda ya kamata, har ya ambaci ExplorerPatcher da StartAllBack da suna. Masu su sun gyara, amma haka abin yake tafiya, duk babban ofdet sai an sake bin baya. Wanda ya iya fitar da kansa in allo ya yi baƙi, bismillah. Kwamfutar da ake cin abinci da ita, ko wadda furojet ɗinka ke ciki, ni dai ba zan sa mata ba.

Kuma kada wani ya ruɗe ku, riga ba ta ƙara gudu. Kwamfutar da ke jan ƙafa da Windows 11 za ta ci gaba da jan ƙafarta ko da ta yi kama da XP sak. Gilashin Aero ɗin nan na asali ma ba ya dawowa cikakke sai da dabarun da ke taɓa cikin manhajar, irin waɗanda na ce a yi hattara da su.

Inda na taɓa ƙonewa

Ba daga littafi na koyi wannan tsoron ba. Ina aji biyu na ga wani bidiyo mai alƙawarin mayar da Windows 10 ya zama XP ɗari bisa ɗari da dannawa ɗaya, har da ƙarar tashi. A ƙarƙashinsa akwai inda za a sauke wani ƙunshi. Mai bidiyon ya ce a kashe antibairos tukuna, wai yana yi wa fayil ɗin ƙazafi ne kawai. Na kashe. Na sa. Kwamfuta ta sake tashi, ta yi ƙarar XP ɗin kuwa, har na yi murmushi, daga nan sai baƙin allo da kibiyar maus ita kaɗai.

A cikinta akwai shirin rediyo na minti goma sha biyar da rukuninmu ya yi sati biyu yana haɗawa, muryoyin mutanen da muka bi kasuwa muka naɗa, saura kwana biyu a miƙa. Ban ajiye wurin komawa ba, ban kwafa a ko'ina ba. Wani mai gyara ya ciro min wasu fayilolin, ba duka ba, sauran sai da muka koma kasuwa muna ba mutane haƙuri su maimaita abin da suka faɗa. Kwana kaɗan bayan nan aka yi ƙoƙarin shiga imel ɗina daga wata ƙasa. Garin neman gira na kusa rasa ido, kuma har yau 'yan rukunin nan in sun ga na buɗe laftof sai sun tambaye ni ko na yi musu kwafi.

Tun daga ranar, duk abin da ya ce in kashe antibairos kafin in sa shi, na san kyan ɗan maciji ne. A yi adalci dai, wani lokacin antibairos kan yi ihu a kan manhaja ta gaskiya, musamman masu kutsawa ciki. Amma ni da ba ni da ilimin bambancewa, na gwammace in haƙura.

Waɗanda laftof ɗinsu ba ta ɗaukar Windows 11

Wannan ya shafi da yawa daga cikinmu. Windows 11 yana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ko makamanciyarta ta AMD. Laftof ɗin hannu da ɗalibai suka fi iya saye a Beirut Road ta Kano ko Computer Village ta Ikeja, irin su HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470, zubi na shida ne. Lafiyarsu ƙalau, suna aiki, amma ba sa cikin jerin. Ana iya tura musu Windows 11 ta bayan gida, sai dai kamfanin ya ce bai ɗauki alƙawarin ba su ofdet ba. Masu Windows 10 kuma an buɗe musu ƙarin wa'adin faci na shekara ɗaya, zuwa 13 ga Oktoba, 2026, a kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya yarda ya haɗa saitinsa da asusun Microsoft.

Ɗaya hanyar ita ce Linux, wanda kyauta ne kuma ba ya raina tsohuwar kwamfuta. Abin dariyar, a nan ne wasan sauya riga ya fi armashi. Linux Mint da Zorin OS tun daga haihuwa suna da maɓalli a kusurwar hagu da jeri irin wanda muka sani. Akwai wata riga mai suna Chicago95 da ke mayar da shi Windows 95 sak, toka-toka har da gumakan da. Ga rubutu da intanet da gyaran sauti ya wadatar, akwai LibreOffice, akwai Audacity, akwai Chrome da Firefox na yau. Amma CorelDRAW da Photoshop da Premiere ba su da na Linux. Shi ya sa ko da wasa ban kawo wa Kawu maganarsa ba, rabin kuɗin shagon daga katin biki da kalanda yake fitowa.

Da awa biyun suka cika, Kawu ya dawo daga sallar azahar ya zauna. Bai ce komai ba. Ya kama maus, ya wurga shi kusurwar hagu ba tare da ya duba ba, ya danna, jerin ya fito. Ya buɗe Documents, ya rufe. Ya sake buɗewa.

"To ai ga ta nan," in ji shi. "Me ya hana su kawo ta haka tun farko?"

Na gaya masa gaskiya cewa a ciki har yanzu Windows 11 ne, kuma in ta ce za ta yi ofdet ya bar ta ta yi, in wani abu ya sauya ya kira ni. Ya ce ya ji. Ya kira mai jiran farko, wata baiwar Allah da takardar haihuwar ɗanta a hannu, ya miƙo min kuɗin mota ba tare da ya ɗago ba.

Bayan sati ɗaya ya sake kira. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan wani abu ya lalace. Ashe wasan kati yake nema, Solitaire ɗin da yake bugawa in babu kwastoma. Ya ce na yanzun kafin ya raba kati sai an nuna masa talla, shi na da yake so, mai koren tebur. Na ce masa zan duba. Na ga wurare da dama da ke cewa suna da shi, amma har yanzu ban samu wanda na yarda in sa a kwamfutar shagon ba, shi kuma duk Juma'a sai ya tuna min.